Yadda Ake Gyara Taswirar Intanet Idan An Danna Ba Ta Kawo Bayani Ba

Taswirar WMS, wato tsarin da saba (server) ke aiko da taswira ta intanet, ta fito tsaf, ga asibitoci a jere, amma ka danna ɗaya, shiru. Nan take masu koyo suke afka wa JavaScript da sauye-sauye. Kada ka taɓa shi tukuna.

Fara da danna F12 a burauza, ka shiga Network, sannan ka danna taswirar. Za ka ga buƙatar GetFeatureInfo, mai neman bayanin abin da ka danna, da aka aika wa saba. Kwafi adireshinta ka buɗe a sabon shafi. In bayani ya fito a can, galibi CORS ne ya tare shi, wato dokar burauza kan karɓar bayani daga wata saba daban, kuma a saba ake ba da izinin.

In bai fito ba, duba QUERY_LAYERS a cikin adireshin, wato sunan layer ɗin da ake tambaya, ka tabbata ya yi daidai da na LAYERS harafi da harafi. Mai amfani da MapServer, manhajar sabar taswira, ya tabbata ya sa TEMPLATE a saitin layer ɗin, in babu shi ba za a amsa ba.

Na uku shi ne inda na fi ganin mutane suna shan wahala, wato jerin lambobin BBOX, masu nuna iyakokin yankin da taswira ke nunawa. A WMS 1.1.1 lambar gabas ce ke gaba, ta arewa ta biyo. A 1.3.0 kuwa, muddin EPSG:4326 ka zaɓa, wato tsarin auna wuri da digiri, ta arewa ce ke gaba. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Ka juya su, ka faɗa kudancin Adamawa, wajajen Ganye. Saba ba za ta ce ka yi kuskure ba, domin wurin da ka tambaya akwai shi, sai dai asibitinka ba ya can, don haka ta dawo maka da amsa fayau. Masu Leaflet, manhajar JavaScript ta taswira, sun fi faɗawa wannan rami, saboda toBBoxString gabas yake sa wa gaba, su kuma su rubuta 1.3.0 da hannu. Shawarata, koma 1.1.1 da SRS (sunan tsarin auna wuri) da X da Y (inda aka danna a hoton). Wanda ya nace wa 1.3.0 ya sa CRS:84 a madadin EPSG:4326, da I da J a madadin X da Y. OpenLayers, takwaran Leaflet, yana da getFeatureInfoUrl mai jera komai da kansa, ya rage maka aiki.

Saura ƙanana ne. FEATURE_COUNT, wato yawan abubuwan da za a dawo maka da su, in ba ka sa ba 1 ne, ƙara shi in abubuwa sun hau juna. Ɗigo ƙarami yana wuyar samu da yatsa a waya, sai ka ƙara buffer, wato faɗin kewayen inda aka danna, in GeoServer ce sabarka. INFO_FORMAT kuwa, wato tsarin amsar, application/json kawai nake sawa.