Madubi Mai Doro: Yadda Ake Zaɓensa da Inda Ya Dace a Rataya Shi

Farkon ganina da shi a rumfar wani mai kayan gwanjo ne, an jingine shi a bayan wata tsohuwar firji, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu. Na sa gefen mayafi na goge, sai ga hancina ya yi suntum, kaina ya tsuke. Amma rumfar gaba ɗaya, da titin da ke bayana, har da mai rake da ke wucewa da baro, duk sun shige cikin da'irar da ba ta fi faifai faɗi ba. Mai kayan ya ce, "Hajiya, wannan ai lalatacce ne, ba ya nuna mutum daidai. Kawo abin da ya sawwaƙa." Ban yi masa musu ba, na biya na rungumo abina.

Lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. Gilashinsa ya turo waje kamar bayan ƙwarya, shi ya sa nake ce masa madubi mai doro. Ki ɗauki cokalin ƙarfe ki duba bayansa, za ki ga fuskarki a tsaye amma ƙarama, da rabin kicin a bayanki. Ki juya cikin cokalin, sai ki ga kanki a kife. Bayan cokali shi ne mai doro, cikinsa shi ne mai kwarmi. Irin mai doron ne a gefen mota da babur, shi ne kuma ake liƙawa a kusurwar manyan shaguna don mai kanti ya riƙa hango masu dogon hannu. Yana ƙanƙanta abu, amma yana kwaso fili mai faɗi. Saboda haka in madubin ɗaura ɗankwali ko sa kwalli kike nema, ki bar wannan inda kika gan shi. Aikinsa ya ɗauki ɗaki ya mayar da shi hoto, kuma duk shawarar da zan bayar a nan daga wannan ta taso.

Sai daga baya na gano cewa a Turai mai doron ya riga shimfiɗaɗɗen madubin gilashi yawaita. Maƙeran gilashi na da ba su iya fitar da babban falle mai santsi ba. Sai su hura gilashi ya zama ƙwallo, su zuba narkakkiyar darma a ciki tun da zafinsa, in ya huce su yayyanka shi. Kowane yanki ya fito da ɗan doronsa. Akwai zanen da Jan van Eyck ya yi a 1434, na wani ɗan kasuwa Arnolfini da matarsa, wanda ke gidan adana zane na ƙasa a Landan. A bangon bayansu an rataya irin wannan madubi, kuma a cikinsa ana hango bayan ma'auratan da wasu mutum biyu a bakin ƙofa, waɗanda ba a ganinsu a ko'ina cikin zanen sai nan. A wani zanen na Quentin Matsys na 1514 da ke gidan tarihi na Louvre a Faris, madubin yana kan teburin mai canjin kuɗi, taga ta fito a cikinsa. Faransawa suna ce masa madubin mayya, wasu kuma madubin ma'aikacin banki, don mai kuɗi na iya zama wuri guda idonsa na kan kowa.

Waɗanda ake kira na gargajiya a kasuwa yanzu, yawancinsu salon Ingila ne na farkon shekarun 1800. Za ki gane su da firam zagayayye mai ruwan zinare, da ƙananan ƙwallaye jere a cikin kwarmin firam ɗin, da baƙin zobe siriri tsakanin gilashi da zinaren. Sau da yawa akwai gaggafa ta buɗe fiffike a sama, wani lokaci da hannuwa biyu na ɗora kyandir a gefe. Kyandir ɗin ba don ado kaɗai ba ne, madubin ne ke watsa haskensa a ɗaki lokacin da babu lantarki. A ɗakin cin abinci aka fi rataya shi, don mai hidima ya ga wanda farantinsa ya ƙare ba tare da ya tsaya a kan mutane ba. Amurkawa ma sun ɗauki salon, tunda gaggafa tambarinsu ce. Ni dai nawa ba shi da tsuntsu, kuma gara haka, don gidaje da yawa a wurinmu ba a son rataya sassaƙen abu mai rai. In naki gidan haka yake, ki nemi mai ƙwallaye zalla ko mai ganye.

Na zamani kuwa kala-kala ne. Akwai mai tsinkaye kamar hasken rana, wanda ya yi tashe a Faransa a shekarun 1950 da 1960, lokacin da wata maƙeriyar kayan ado, Line Vautrin, ke ƙera nata da hannu, waɗanda yanzu sai masu hannu da shuni ke iya saye. Akwai mai siririn baƙin ƙarfe, akwai na tagulla, akwai wanda ba firam sam. In kujerunki da labulenki masu ado ne da yawa, ɗauki mai sauƙin firam. In falon fili ne fari tas, mai zinare zai raya shi.

To, in mai sayarwa ya rantse miki cewa nasa tsoho ne na asali, kada ki tsaya kallon gaba, juya bayan. Tsohon gaske katako ne da ya yi duhu don shekaru. In kika ga falawud, ko ƙusar sitefula, ko roba da layin da ya nuna inda aka haɗa mazubi, sabo ne aka tsufar. Sukuru mai kan gicciye sai a shekarun 1930 ya shigo, don haka in shi ya riƙe komai, ko dai sabo ne ko an taɓa gyara shi. Ki duba inda zinaren ya goge. A tsohon aiki za ki ga ja ko rawaya kamar jan ƙasa a ƙarƙashi, a ƙarƙashin wannan kuma farin alli da aka kwaɓa da gam. Na fenti kuwa launi ɗaya ne ko'ina, ba zurfi. Tabon gilashi ma yana tona asiri. Tsufa na gaske ba ya raba tabo daidai wa daida, ya fi taruwa a gefe da ƙasa inda danshi ke shiga. In kika ga ɗigo-ɗigo an yayyafa ko'ina kamar an barbaɗa gishiri, hannu ne ya yi. Ba laifi ba ne sayen kwaikwayo, nawa ma da na bincika ashe bai kai shekarun kakata ba. Laifin a karɓi kuɗin asali a ba ki kwaikwayo.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kafin Justus von Liebig, wani masanin sinadarai Bajamushe, ya fito da hanyar shafa azurfa a bayan gilashi a 1835, da haɗin kuza da zaiba ake shafe madubai, kuma an ci gaba da hakan shekaru da dama bayansa. Zaiba guba ce. Madubin da ya tsufa ƙwarai, mai launin toka-toka da ƙyalƙyali kamar yashi a ciki, yana iya zama irin wannan. Kada a kwantar da shi, kada a kifa shi, a bar shi a tsaye yadda ya saba. In kika ga ƙananan ɗigo masu sheƙi suna gangarawa a ƙasan firam, kada ki share da tsintsiya, ki buɗe tagogi, ki fitar da yara, kuma irin wannan ba na ɗakin kwana ba ne.

Sai ki tantance ko gilashi ne ko roba, don sababbi da yawa roba ce mai sheƙi. Ki ɗora bayan hannunki: gilashi sanyi gare shi, roba ba ta da shi. Ki ƙwanƙwasa da farce, gilashi zai amsa da ƙara siririya. Roba ba ta da nauyi kuma ba ta tarwatsewa, ta dace da gida mai ƙananan yara, sai dai saurin karcewa, kuma hoton cikinta kan ɗan yi rawa. Ki ja da baya taku uku ki kalli layin ƙofa a ciki. Lanƙwasa mai santsi ita ake so, ba mai karkacewa kamar maciji ba.

Yanzu ga inda na sha kunya. Da na kawo nawa, na rataya shi a falo kusa da ƙofar shiga ciki, don a nan bangon ya fi fili. Ya yi kyau ƙwarai, na yi ta yaba kaina. Bayan kwana biyu maigida ya yi baƙi, suna tafiya ya kira ni ya ce in zauna a kujerar da abokinsa ya zauna. Na zauna, na ɗaga kai, sai ga kicin ɗina ɓaro-ɓaro a cikin madubi, har tukunyar da ke kan wuta, har inda na tsaya ba mayafi ina tuƙa tuwo. Shimfiɗaɗɗen madubi ba zai taɓa kwaso wannan lungun ba, amma mai doro yana leƙa gefe. Ranar aka sauke shi.

Tun daga nan ga yadda nake yi, a gidana ko in an kira ni jeren amarya. Kafin a huda bango, wani ya riƙe madubin a wurin, ni kuma in zauna a kowace kujera ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a bakin ƙofa, in ga me yake nunawa. A buɗe duk ƙofofin ciki lokacin gwajin. Abin da ake so ya kama shi ne taga, ko fitila mai kyau, ko doguwar baranda, ko shuke-shuken tsakar gida. Abin da ba a so: ƙofar uwar ɗaka, ƙofar bayi, tarin takalma, da igiyar shanya. Ki kunna fanka ma ki gani, don in fankar sama ta faɗo tsakiyarsa, juyawarta za ta dame ki duk yini. Kada kuma ya zama a bangon alƙibla inda ake shimfiɗa darduma, duk wanda ya gitta a baya sai ya ɗauke hankalin mai salla.

Wurin da ya fi yi masa kyau shi ne lungu mai duhu da ke fuskantar haske, kamar siririn korido ko kan matakala. Wani magini Bature, John Soane, ya cika ɗan ƙaramin ɗakin karin kumallonsa a Landan da ƙananan madubai masu doro, har a rufin ɗakin, don su riƙa jefa haske ko'ina, kuma gidan yana nan an mai da shi gidan tarihi. Da na ga hotonsa sai na tuna tsofaffin ɗakunan soro da ake manna tasa ko faranti a tsakiyar rufi, su ma suna kama ɗan hasken da ya shigo. Game da rana kuwa, mai doro watsa haske yake yi, ba ya tara shi wuri guda. Mai kwarmi, irin na kwalliya da ke ƙara girman fuska, shi ne ke iya ƙona labule in an bar shi a taga. Duk da haka kada rana ta riƙa dukan firam kai tsaye, katako zai tsage.

Tsayi: tsakiyar madubin ta yi kamar santimita 150 zuwa 160 daga ƙasa. In a saman kujera ko tebur ne, ki bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu. Mai faɗin santimita 30 zuwa 40 ya ishi korido, amma a saman doguwar kujera zai yi kamar maɓalli a babbar riga. A nan ko ki nemi babba, ko ki haɗa ƙanana uku ko biyar masu bambancin girma. Bangonmu na bulo ne, ƙusa kaɗai ba ta riƙe abu mai nauyi, filasta za ta ɓare da ita. A kira mai injin huda bango ya sa fisha (robar da ke riƙe sukuru a bango) da sukuru, biyu in madubin na da nauyi. Ki duba igiyar bayansa, in tsohuwa ce a canja ta da waya. Ki guji bangon da ke tsatsafo ruwa da damina, danshi ne ke baƙanta bayan gilashi.

Shara ita ce kuskurena na biyu. Hazon hunturu ya cika ƙwallayen firam da ƙura, na jiƙa tsumma na dirje, sai ga zinare a jikin tsumma, farin alli ya bayyana a wuri uku. Ruwa na narkar da gam ɗin da ke ƙarƙashin zinaren. Yanzu buroshin hoda na ware masa, sabo mai laushi, ina kaɗe ƙurar a hankali sau ɗaya a mako. Gilashin kuma ba na fesa masa komai kai tsaye, sai in ɗan fesa a ƙyalle mai laushi in goge daga tsakiya zuwa gefe, ba na bari lema ta taɓa baƙin zoben. Na roba kuwa a fara hure ƙurar tukuna, in ba haka ba ita za ta karce shi.

Nawa yanzu yana ƙarshen korido, yana kallon tagar da ke buɗewa tsakar gida. Daga kicin ina hango bishiyar gwaiba a cikinsa, da ƙofar gida, da duk yaron da ya lallaɓa zai fice ba takalmi. Tabo ukun nan suna nan a gefen hagu, ban sa an gyara ba.