Babi na Shida: Idan Sikeli Ya Tsaya Cik

A makonnin farko na rage ƙiba kusan kowa yana ganin canji, amma bayan wata biyu ko uku sai sikeli ya tsaya cik, ko da an ƙara tattaki. Wata Hajiya daga cikin ɗalibanmu, wadda take zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan sallar asuba, ta tare ni da littafin da take rubuta abin da ta ci a hannu, ta ce, "Malama, ko dai sikelin nan ya lalace, ko kuma baki ne ya kama ni." Sikelin lafiyarsa ƙalau, kuma babu bakin kowa a kanta. Ku karanta a hankali, inda kalma ta yi wuya ku tsaya ku maimaita, domin babu kunya a wajen koyo.

Darasi na Ɗaya: Man da Ba a Rubuta Ba

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kamar yadda kilo yake ma'aunin nauyi. Giram 1 na sukari yana da kalori 4, giram 1 na mai kuwa yana da 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, alhali tafiyar minti 30 da ɗan sauri ba ta ƙone abin da ya wuce 120 zuwa 150 a jikin yawancin manya. Wato cokali guda yana iya cinye wahalar rabin awa.

Da na buɗe littafin Hajiya, na ga ta rubuta da kyakkyawan rubutu: "masa 4 da miya". Na yaba mata, domin bara war haka ba ta iya rubuta sunanta ba. Sai dai masar Bauchi da muke tinƙaho da ita ba ta soyuwa sai an zuba mai a kowane gurbi na tanda, ga kuma man da yake yawo a saman miya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a littafin.

Ga yadda za a yi. Ku ware babban cokali guda ɗaya, mai ɗaukar mililita 15, ba ƙaramin cokalin shayi ba, ba kuma ludayi ba. Idan kuna shakka, murfin awo na maganin ruwa mai zanen 15 zai nuna muku girmansa. Ku zuba mai daga kwalba zuwa cikin cokalin, sannan daga cokalin zuwa tukunya. Duk cokalin da ya shiga tukunya, ku ja layi ɗaya a littafi nan take, tun kafin ku ɗebi na gaba. Bayan an gama girki ku ƙirga layukan, ku raba su da yawan masu ci. Idan layi 12 ne, masu ci mutum 6, to kowa ya sha cokali 2, wato kalori 240.

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, saboda haka mu sake. Daga kwalba zuwa cokali, daga cokali zuwa tukunya, sannan a ja layi. Ba a karkata bakin kwalba kai tsaye cikin tukunya. Ba a kuma bari sai dare ya yi a zauna ana ƙoƙarin tunawa, domin abin da za a tuna kullum yana kasa abin da aka zuba. Wanda ya manta a ranar farko kada ya damu, gobe ma rana ce. Wanda rubutun lamba yake yi wa wuya, layin kaɗai ya isa, za mu ƙirga tare.

Amma akwai maganar da na gaji da ji: "Malama, ai idona ya san awo." Hajiya, idonki bai san awo ba, nawa ma bai sani ba. Ranar da muka gwada a aji, man da wata ɗaliba ta tsiyaya da ido ta kira shi cokali biyu, da muka auna sai da ya cika biyar. Mako uku ina roƙon a zo da layukan mai, wasu kuma suna kawo mini shafi fari fat tare da ƙorafin cewa tattaki ba ya aiki. Wanda ya iya tashi da asuba ya zagaya fili har ya jiƙe da zufa, bai kamata a ce ɗaukar cokali ya gagare shi ba. Kwalba, cokali, tukunya, layi. Man ƙosai, da na awara, da wanda ake yarfawa a kan shinkafa da wake, duk ta cokalin za su bi.

Darasi na Biyu: Jikin da Ya Ragu

Keken haya mai lodi ya fi wanda ya sauke kaya shan mai. Haka jiki yake: mai kilo 95 da ya sauko zuwa 87 ba ya buƙatar abincin da yake buƙata a da, saboda haka awon tuwon da ya rage masa ƙiba a watan farko zai iya zama daidai da buƙatarsa a wata na uku. Fiye da rabin ƙarfin da jiki yake ƙonewa a yini yana tafiya ne wajen numfashi, bugun zuciya da sauran ayyukan cikin jiki, kuma wannan kason yana raguwa idan jiki ya ragu. Bayan haka, wanda ya yi doguwar tafiya da safe yakan ji yunwa, yakan kuma wuni a zaune ba tare da ya lura ba.

Abin sha ma abinci ne. Lemon kwalba na santilita 35 yana da kalori kusan 140, da sukari wajen ƙananan cokula 9. Zoɓo da kunun aya da aka zuba wa sukari, da shayi mai madarar gwangwani, su ma a rubuta su, kamar yadda ake rubuta mai.

Darasi na Uku: Ruwa da Sikeli

Kilo 1 na kitse ya kai kalori kusan 7,700, don haka kilo biyu da suka ƙaru cikin dare ɗaya ruwa ne, ba kitse ba. Gishiri da dunƙule suna sa jiki ya riƙe ruwa, haka ma kwanakin al'ada ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini. Ku hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, bayan kewayawa kuma kafin karin kumallo, a kan daɓen siminti. Ku kuma auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya.

Darasi na Huɗu: Barci da Magani

Ƙarancin barci yana ƙara yunwa, saboda haka a nemi awa 7. Wasu magunguna da ciwon maƙoƙo suna iya hana ƙiba sauka. Idan an yi wata biyu ana awo da gaskiya ba a ga canji ba, a je asibiti da littafin, kuma kada a daina shan magani sai da izinin likita.

Aikin gida: a zo aji na gaba da layukan mai na kwana 7, kowace rana a shafinta.