Darasi Na Bakwai: Wurin Da Ya Dace A Kafa Eriyar Talabijin

Eriyar da muke gani a saman gidaje, mai jerin ƙananan sanduna kamar ƙashin kifi, wasu malaman jami'a biyu ne na ƙasar Japan, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro ta a shekarar 1926. Sanda ɗaya tak ce a cikin jerin take haɗe da wayar da ke saukowa ɗaki. Ta bayanta, wadda ta fi tsawo, tana maido mata da sigina, na gabanta kuma suna tattaro ta, kuma tsawon kowace sanda da tazarar da ke tsakaninsu duk a aune suke.

Saboda haka duk wani ƙarfe da ya matso kusa da eriya, ko kwanon rufi ne, ko tankin ruwa na ƙarfe, ko rodin ginin maƙwabci, yakan zame mata ƙarin sandar da ba a auna ba. Sigina takan bugi kwanon ta dawo, ta iso eriyar a makare, bayan wadda ta zo kai tsaye daga tasha, idan kuwa suka haɗu a saɓe sai su kashe juna, hoto ya riƙa daskarewa. Da yawa a nan sukan ɗora wa dikoda laifi, alhali lafiyarta ƙalau. Sigina tana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin igiya ɗaya da ta bayanta, a yawancin tashoshin da dikoda ke kamawa da eriya bai wuce kimanin rabin mita ba, shi ya sa gusar da eriya da taƙi ɗaya kacal kan iya gyara hoton ko ta ɓata shi.

Bishiya ma tana da nata. Mangwaro ko darbejiyar da ba ta dami eriya da rani ba, da damina jiƙaƙƙen ganyenta yakan shanye sigina.

Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana ɗaki yana duban ma'aunin ƙarfin sigina a allon talabijin, ɗayan yana juya turken a hankali har bakin eriyar, wato ɓangaren gajerun sanduna, ya fuskanci tasha ba tare da gini ya tare shi ba. A ɗaga ta sama da kwano da mita ɗaya zuwa biyu. A nisanta turken daga falwaya yadda ko ya faɗi ba zai taɓa wayar wuta ba, kuma kada a hau rufi idan hadari ya taso.