Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Layin Karɓar Hotunan Tauraron Yanayi

Na gaji da ganin ƙannenmu masu ƙwazo a nan Kaduna suna maimaita kurakurai iri ɗaya idan aka ba su aikin tsara layin intanet na sauke hotunan tauraron ɗan'adam na hasashen yanayi. Da yawa suna lissafi da tsohon tauraro. Na'urar SEVIRI ta tsohon Meteosat tana ɗaukar hoto duk minti 15 a tashoshi 12, wato nau'o'in haske daban-daban da take ɗaukar hoton da su. Sabon tauraron EUMETSAT, hukumar taurarin yanayi ta Turai, da aka harba a Disamban 2022, wato Meteosat-12, duk minti 10 yake ɗauka, a tashoshi 16, kuma ya fi kaifi: inda kowane ɗigon hoton tsohon ke rufe kilomita 3 a ƙasa, na sabon 2 ko 1 ne. Zagaye 96 a rana ya koma 144, kowanne ya fi na da nauyi, ga na'urar gano walƙiya an ƙara.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sayen layi daidai da abin da ke shigowa. Mutum ya auna, ya ga bayanan suna cin kashi 80 cikin 100 na layin, ya ce ai akwai rara. Ina rarar take? A ce an ɗauke wuta, ko masu aikin titi sun tsinke wayar faiba na awa 2. Kayan da suka taru sai sun shigo ta wannan ɗan kashi 20, sababbi kuma ba su daina zuwa ba. Ka yi lissafi da kanka: awa 8 kafin ka kamo. Da layin rabi yake cika, awa 2 ta isa.

Wannan ya taɓa ƙona ni a wani ofis da na yi wa aiki. Na nemi a ninka layi, aka ce tsada. Wata rana cikin damina hadari ya taso daga gabas, ta wajen tsaunukan Jos, kamar yadda ya saba, mu kuwa allonmu na nuna hoton hantsi bayan la'asar. Iska ta gama kwashe kwanon gidajen mutane kafin hoton hadarin ya iso. Tun daga nan ba na sa hannu a tsarin da ya wuce rabin layi, kuma ina saita kwamfuta ta fara ɗauko sabon hoto, tsofaffi su biyo baya cikin dare. Wasu abokan aiki na cewa ɓarnar kuɗi ce. Su je su tsaya gaban mai hasashe ranar da ake buƙatarsa, su faɗa masa haka.

Na biyu, kwaɗayi. Haba malam, me za ka yi da gajimaren kudancin Tekun Atlantika? Hoton sabon tauraron a yanke yake zuwa, gida 40, daga kudu zuwa arewa. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa. Ɗauki yankan da suka rufe ta, ka ƙara na arewa da ita, domin ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, kuma sai ka hango ta kafin hazo ya rufe filin jirgi. Haka tashoshi: ka zauna da masu hasashen, ka tambaye su waɗanda suke dubawa da gaske. Ni duk farkon damina da farkon hunturu nake sake wannan zama.

Sai masu rikita megabit da megabait. Mai sayar da intanet da megabit yake magana, fayil kuma da megabait ake auna shi, ka raba da 8. Layin megabit 10 ba zai wuce megabait 750 a minti 10 ba, shi ma in babu kowa a kai.

Kada ka haɗa layin da na ma'aikata masu kallon bidiyo. In dole ne, ware wa tauraro kasonsa.

Layin ko-ta-kwana kada ya zama dish na zangon Ku (ɗaya daga cikin zangunan mitar da tauraro ke aiko da sigina), ruwa mai ƙarfi na kashe shi daidai lokacin da kake nema. Shi ya sa EUMETCast na Afirka, tsarin da EUMETSAT ke watso hotunan kai tsaye zuwa dish, yake zuwa ta zangon C, wanda ruwa bai cika damunsa ba. In kana da halin kafa wannan dish ɗin, kafa, ka bar intanet don cike giɓi.

Fayilolin a matse suke zuwa, in an buɗe su sai su kumbura. Na sha ganin an kashe kuɗi a layin waje, an bar tsohuwar waya mai megabit 100 tsakanin kwamfutocin cikin ofis. Sa ta gigabit, ka yi lissafin rumbun ajiya da girman fayil bayan buɗewa.

Na'urar karɓa da ta rarraba intanet su hau inbata, domin ɗan lokacin da ake tayar da janareto ya isa ka rasa zagaye guda.