Ƙaramar Asara a Gida: A Nemi Diyyar Inshora Ko a Biya Daga Aljihu?

Yaro ya ture talabijin gilashinta ya tsage, ko dutsen guga ya ƙona kafet, ko an yi awon gaba da keke a tsakar gida. Wanda ke biyan inshorar kayan gida duk shekara, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ai dama don irin wannan rana yake biya. Sai dai a ƙaramar asara, sau da yawa abin da kamfani zai ba ka bai kai abin da zai karɓa a hannunka a shekarun da ke tafe ba. Kafin ka ɗaga waya, ɗauko takardar yarjejeniyarka da biro, lissafin bai wuce na minti goma ba.

Fara da kason da ke wuyanka

Kusan kowace yarjejeniya tana da wani adadi da aka rubuta cewa kai za ka ɗauki nauyinsa a duk asarar da ta faru, kamfani ya cika sauran. Sau da yawa kashi biyu ne: na dole wanda kamfani ya yanka, da na ganin dama wanda kai ka zaɓa ranar da ka sayi inshorar don a rage maka kuɗin shekara. Mutane suna mantawa da na biyun, alhali haɗa su ake yi. Idan na dole 100 ne na ganin dama 150, to 250 za a cire daga duk abin da za a biya ka. Duba kuma ko akwai kaso na musamman ga wasu asarori, domin ɓarnar ruwan da ya tsiyaya daga bututu takan zo da kaso mafi girma fiye da na sata ko gobara. Ana cire kason ne a kan kowane abu da ya faru: talabijin ta fashe yau, kafet ya ƙone bayan wata biyu, sau biyu za a cire.

Idan asarar ba ta kai wannan kaso ba, magana ta ƙare, babu abin da za ka karɓa.

Shin ma yarjejeniyar ta ƙunshi wannan asara?

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Inshorar kayan gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar gobara, sata, ambaliya, guguwa da tsiyayar ruwa. Ɓarnar kuskure ko tsautsayin hannu, irin su zubar da fenti a kujera ko faɗuwar kwamfuta daga tebur, galibi ƙari ne da ake saya daban. Haka kayan da suka ɓace a wajen gida, kamar waya ko agogo. Abin da ya lalace don tsufa, ko tsatsa, ko gara da ɓera, ko na'urar da ta daina aiki haka kawai, ba a biya. Wasu yarjejeniyoyin ba sa biyan sata sai an ga alamar an fasa ƙofa ko taga, wasu kuma suna dakatar da wani ɓangare na kariyar idan gidan ya zauna babu kowa fiye da kwana 30 ko 60 a jere.

Dalilin dubawa tun da wuri shi ne neman da aka ƙi biya ma yana iya shiga tarihinka. Ka tashi a tutar babu, ga kuma tabo.

Nawa za a ba ka a zahiri?

Hanya biyu ce. Wata yarjejeniyar tana biyan kuɗin sabo a madadin tsoho. Wata kuma tana biyan darajar kayan a ranar da ya lalace, wato bayan an cire tsufansa. Ɗauki talabijin da sabuwarta take 450. A tsarin farko, a cire 250, ka karɓi 200. A tsari na biyu, idan ta shekara biyar kuma mai tantance asara ya ƙiyasta rayuwarta shekara goma, darajarta ta koma 225, ba ta ma kai kason wuyanka ba. Ko a tsarin sabo madadin tsoho, tufafi da zannuwan gado yawanci ana cire musu tsufa.

Akwai wasu abubuwa uku da ke ƙara zaftare kuɗin. Na farko, iyakar abin da ake biya a kan kaya guda: zobe ko kamara da ta wuce wannan iyaka, idan ba a rubuta ta daban a takarda ba, iyakar kawai za ka samu. Na biyu, kaya masu saiti: kujera ɗaya ta lalace cikin uku, ita kaɗai za a biya, ko da sabuwar ba ta dace da sauran ba. Na uku ya fi ciwo. Idan kayan gidanka sun kai 20,000 amma ka yi musu inshorar 15,000, kamfanoni da dama suna da sharaɗin biya daidai da kason da ka yi wa inshora, a nan kashi uku cikin huɗu na kowace asara. Asarar 1,000 ta koma 750, a cire 250, saura 500. Ƙaramin nema yakan zama sanadin da za a gano wannan giɓi.

Kamfani kuma yana da damar gyarawa maimakon sauyawa, ko ya ba ka takardar sayayya a wurin dillalinsa. Idan ka nace sai tsabar kuɗi, yana iya ba ka farashin da shi zai saya, wanda ya yi ƙasa da na kanti.

Abin da neman zai ci maka a gaba

Wannan shi ne ɓangaren da ba a gani a ranar, kuma shi ya fi muhimmanci. Hanya biyu kuɗin shekara ke tashi. Ɗaya, rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba yana raguwa ko ya tafi gaba ɗaya. Biyu, ainihin farashin ma yana iya hawa, domin a lissafin kamfanoni wanda ya nema sau ɗaya ya fi kusa da sake nema.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙirƙira don nuna yadda ake lissafin, sai ka sa naka a gurbinsu. Cikakken farashi 400 ne, kana da rangwamen kashi 25 cikin 100, kana biyan 300. Ka nemi diyyar talabijin, ka karɓi 200. Shekara mai zuwa rangwame ya tafi, ka biya 400, ƙarin 100 ke nan. Ta biyu rangwamen ya dawo kashi 10, ka biya 360, ƙarin 60. Ta uku kashi 20, ka biya 320, ƙarin 20. Jimla 180. Idan kuma an ɗaga ainihin farashin da kashi 10 a waɗannan shekaru uku, ga wani 40 da 36 da 32, wato 108. Ka karɓi 200, ka mayar da 288, ban da zirga-zirgar cike takardu.

Ba kowane kamfani ke yin haka ba, wasu ɗan kaɗan suke ƙarawa a nema na farko. Hanyar da za ka gane naka ita ce ka karanta jadawalin rangwame a takardarka, sannan ka gwada neman farashi a shafin kwatanta inshora sau biyu, ɗaya da tarihi mai tsabta ɗaya da wannan asara a ciki, ka ga bambancin. Wanda ya biya kuɗin kare rangwamensa kada ya saki jiki: kason rangwamen aka kare, farashin da ake cire shi daga ciki yana iya hawa. Mai takaful, wato inshora a tsarin Musulunci, kuma ya duba sharaɗin rabon rarar kuɗi, domin a tsare-tsare da yawa wanda aka biya diyya a shekarar ba ya cikin rabon.

Sauya kamfani ba ya goge tarihi. Sabon kamfani zai tambaye ka asarorin shekara uku zuwa biyar da suka wuce, kuma a wasu ƙasashe akwai rumbun bayanai da kamfanoni ke dubawa. A Birtaniya akwai CUE mai riƙe bayani shekara 6, a Amurka akwai CLUE mai riƙewa shekara 7. Abin da ya fi ɓata suna shi ne yawan nema. Ƙananan nema uku cikin shekara biyu sun fi babba guda ɗaya tayar wa kamfani hankali, har ya kai ga ƙara maka kason wuya ko ƙin sabunta yarjejeniyar.

A ganinmu, idan abin da zai shigo hannunka bai ninka ƙarin kuɗin da za ka biya a shekara uku ba, kuma kana iya biya ba tare da cin bashi ba, gara ka biya da kanka.

Rashin nema daban, ɓoyewa daban

Yarjejeniyoyi da yawa sun wajabta maka sanar da duk abin da ka iya jawo nema, ko da ba ka son a biya ka. Tambayar da ake yi lokacin sabuntawa ma takan ce asara ko nema, ba nema kaɗai ba. Idan an tambaya, faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye ƙaramar satar bara, ran da gobara ta cinye komai kamfani na iya rage diyyar ko ya soke yarjejeniyar baki ɗaya. Idan za ka sanar, yi a rubuce, ka ce sanarwa ce kawai ba neman diyya ba, ka nemi su tabbatar maka da hakan a rubuce. Ka sani ko kiran waya na tambaya ana iya shigar da shi, don haka karanta takarda tukuna, ko ka tambayi dillalin inshorarka.

Kada kuma ka kumbura asara don ta wuce kason wuya. Ƙara kamara da ba a sace ba cikin jerin kayan zamba ce, tana iya jawo a ƙi biyan har na gaskiyar.

Inda ƙaramar asara ba ƙarama ba ce

Ruwa maƙaryaci ne. Ɗan dausayi a gefen kafet yana iya nufin ruwa ya kwana uku yana bin ƙarƙashin katako, bayan mako biyu ƙasan kabad ya kumbura, funfuna ta hau bayan kujera. Ɗaga kafet, ja kayan daga bango, taɓa ka ji kafin ka yanke hukunci. Hayaƙi ma haka yake, yana shiga labule da katifa da cikin na'urori. A sata, bi ɗaki ɗaki ka rubuta, domin sai bayan kwanaki ake tuna abin da babu, kuma kai rahoto wurin 'yan sanda nan take ka karɓi lambar rahoton. Idan kuwa abin ya shafi wani, ruwanka ya sauka kan kayan maƙwabcin da ke ƙasa ko baƙo ya ji rauni a gidanka, sanar da kamfani ranar, kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya, domin irin wannan nema ba a san inda zai tsaya ba.

Ko ka nema ko ka fasa, ɗauki hotuna daga nesa da kusa kafin ka taɓa komai, tsayar da ɓarnar kada ta ƙaru, ajiye abin da ya lalace har sai an ce ka zubar, ka nemo rasit ko bayanin banki da lambar jikin na'ura. Karɓi kiyasin gyara a rubuce daga wurin masu gyara biyu, sau da yawa sauya gilashin waya ko wanke kafet bai kai rabin kason wuyanka ba. Duba ma ko garantin kayan bai ƙare ba, ko katin bankin da ka saya da shi yana da kariyar sayayya ta 'yan watannin farko. Ka kuma lura da wa'adin sanarwa da ke takardarka: wasu sun ce nan take, wasu sun ba da kwanaki ƙididdigaggu, kuma lissafin kwanakin yana iya farawa daga ranar da asarar ta faru ko ranar da ka gano ta.