Yadda na shawo kan maƙoƙon kifin shak ɗina

Ƙaramin shak ɗin da nake kiwo a tankin ruwan gishiri, irin mai kwanciya a ƙasa, ya fara kumburi a ƙarƙashin haɓa. Ya rage cin abinci, in ya kama jatan lande sai ya tauna ya furzar. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Likitan dabbobi ya ce maƙoƙo ne, kuma ƙarancin sinadarin aidin ke kawo shi. Na'urar da ke tsabtace ruwa da ozon, wata iskar gas mai kashe ƙwayoyin cuta, tana mayar da aidin yadda jikin kifi ba zai iya amfana da shi ba, yawan naitiret a ruwa kuma, wato sinadarin da ke taruwa daga kashin kifi, yana hana aidin ɗin shiga jiki.

Sai na kashe ozon ɗin, na riƙa sauya wani kaso na ruwan duk mako don rage naitiret. Ƙwayar bitamin mai aidin, wadda aka yi domin shak, ita nake cusawa cikin yankan sikwid, wata halittar teku mai taushin nama, in miƙa masa a bakin tsinke har in ga ya haɗiye. Ban zuba aidin a ruwa da ka ba, don yawansa ma guba ne.

Kumburin bai sauka da wuri ba, ya ɗauki watanni. Cin abincin ne ya fara dawowa.