Yadda za ka je Lugu, fagen yaƙin Sarauniya Mangu, daga Yamai

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa, cikin yankin Dankasari na gundumar Dogon Dutsi. Nan ne Sarauniya Mangu ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ran 16 ga Afrilu 1899, da baka da kibau, a lokacin da sarakuna da dama suka kauce musu. Wuri ne da ya cancanci a taka a gani, amma hanyar tana son shiri.

Ka tashi Yamai bayan asuba, ka bi babbar kwalta ta RN1: kilomita kusan 140 zuwa Doso, kusan 275 zuwa Dogon Dutsi. Mai zuwa daga Tawa zai gangaro Birnin Ƙonni ya yi yamma. A Dutsi ka cika tanki, domin gaba sai man kwalba, wanda sau da yawa yana da ruwa ko datti da ke toshe matatar mai. Nan kuma ka tambayi jandarma halin tsaro na ranar. In sun ce a dakata, ka dakata. Katin shaida da takardun mota su kasance a hannu.

Wuyar aikin tana farawa ne in ka sauka daga kwalta. Hanya ce ta ƙasa da rairayi, mai rassa da yawa na amalanke, don haka ka ɗauki ɗan gari a Dankasari ya yi maka jagora. Kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, ta fi dacewa. Kafin rairayi mai zurfi ka rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5, ka riƙe giya ta biyu, kada ka taka birki da ƙarfi ko ka murɗa sitiyari farat ɗaya. In mota ta kafe, ɗauke ƙafa daga totur nan take, don ƙara wuta binne ta yake yi. A tone gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa rassa, a tura. Ka zo da famfo don mayar da iska, da safaya mai lafiya saboda ƙaya, da ruwan sha lita 5 ga kowane mutum.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Yuli zuwa Satumba koramu na kawo ruwa ba sanarwa, ko da sama garau take a inda kake. Kada ka ratsa korama tana gudu.

In ka isa, fara da gaida dattawa, da goro a hannu. Har yau akwai mai riƙe da sarautar Sarauniya, kuma dutsen Tunguma abin girmamawa ne ga Azna, masu bin addinin gargajiya. Cire takalmi inda aka ce, kada ka ɗaga waya don hoto sai an yarje maka. Ka juyo kafin la'asar, ka hau kwalta da sauran rana.